GURINGUNTSIN GWIWA DA DABARAR TSARE MAGANI A INDA A KE BUKATARSA

Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar mahauta ya ga an raba gwiwar sa gida biyu, ya riga ya san abin da za mu yi magana a kansa. A bakin kowane ƙashi, daidai inda ya ke haɗuwa da ɗan'uwansa, akwai wani farin abu mai sheƙi, sumul kamar tangaran, wanda wuƙa ke zamewa a kansa. Shi ne guringuntsi. A gwiwar ɗan Adam kaurinsa milimita 2 zuwa 4 ne, watau bai fi kaurin ɓawon lemo ba. Amma kuwa in mutum yana tafiya, nauyin da ke sauka a kansa ya kan kai ninki biyu ko uku na nauyin jikinsa duka, ga shi kuma yana ɗaukar wannan kaya shekara sittin ko saba'in ba a sake shi ba.

Aibinsa ɗaya ne, in ya ɓaci ba ya gyaruwa. Tun cikin 1743 wani likita a Landan, William Hunter, ya rubuta cewa likitoci tun zamanin da sun sani guringuntsin da ya lalace ba ya komowa. Ƙashi ya kan karye, maɗori ya ɗora, bayan 'yan makonni mutum ya miƙe. Fata ta kan tsage ta haɗe. Guringuntsi kuwa in ya sami rami, ramin nan yana nan, sai ma ƙara faɗi da ya kan yi.

Dalili shi ne babu hanyar jini ko ɗaya a cikinsa. Jini ne ke kai wa rauni masu gyara da kayan gyara, to, nan ba shi da hanyar shiga. Kashi 65 zuwa 80 cikin 100 na guringuntsi ruwa ne, sauran kuwa saƙa ce ta zaren wani furotin da a ke kira kolajin, da wasu sinadarai masu zuƙar ruwa su riƙe kamar soso. Ƙwayoyin halitta masu rai, waɗanda su ne maginan wurin, 'yan kaɗan ne ƙwarai, kowace tana tsare cikin ɗan ɗakinta, ba ta iya tashi ta je inda aka yi ɓarna. Abincinsu ma daga ruwan gaɓa su ke samu, ruwan nan mai yauƙi kamar na kuɓewa, wanda ke shiga yana fita sa'ad da gaɓa ke motsi. Babu jijiyar jin zafi a ciki kuma, shi ya sa ɓarna ta kan yi nisa kafin mai ita ya farga.

Mutane iri biyu wannan al'amari ya fi shafa. Akwai saurayi mai jini a jika wanda ya murɗe gwiwa a filin ƙwallo ko ya faɗo daga babur, wani ɓangare na guringuntsin ya ɓalle ya bar rami. Akwai kuma dattijo wanda nasa ya siɗe a hankali har ƙashi ya soma gugar ƙashi, abin da mu ke kira amosanin gaɓɓai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin 2019 mutum miliyan 528 ke fama da wannan ciwo, miliyan 365 daga cikinsu a gwiwa. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan bambanci tun yanzu, gama yawancin binciken da za mu ambata a kan rami irin na saurayin aka yi shi, da fatan a toshe shi kafin ya ja gaɓar duka ta lalace.

ABIN DA LIKITOCIN FIƊA SUKA GWADA

Da ya ke rashin jini ne tushen wahalar, dabarar farko ita ce a kawo jini. Cikin 1959 Kenneth Pridie, likitan ƙashi a Biristol ta Ingila, ya bayyana yadda ya ke huda ƙashin da ke ƙarƙashin ramin don jini da ɓargo su tsattsafo su cika shi. Daga baya, cikin shekarun 1980, Richard Steadman na Amurka ya kyautata dabarar, ya riƙa yin ƙananan huji da ɗan tsinke. Ramin ya kan cika, ba shakka. Sai dai abin da ke cika shi tabo ne, mai wani irin kolajin dabam, ba ya da sulɓi ko ƙarko irin na asali. Kamar a liƙe ramin daɓen siminti ne da laka: ido ya ga an gyara, amma bayan 'yan shekaru ƙafa ta kan gane bambanci.

Cikin 1994 wasu likitoci a Gotenbag ta ƙasar Suwidin, Mats Brittberg da Lars Peterson da abokan aikinsu, suka ba da labarin marasa lafiya 23 da aka yi wa wata dabara. A kan ɗebo ɗan guringuntsi mai lafiya daga gwiwar mutum, a rena ƙwayoyinsa a ɗakin bincike har su yi yawa, sa'an nan a mayar da su cikin ramin. Wannan hanya ta amfani mutane da dama, har yau ma ana yinta, amma fiɗa biyu ta ke bukata, da makonni na jira, da kuɗi masu nauyi. In gaɓa ta riga ta lalace sarai kuwa, sai a sa ta ƙarfe da roba, wadda ta dace da dattijo amma likita ya kan yi nauyin hannu kafin ya sa wa ɗan shekara talatin, don ita ma tana da iyakar kwanakinta.

TAKARDAR UMURNI

A nan ne maganar sinadaran girma ta shigo. Waɗannan wasu furotin ne da jiki da kansa ke yi, ɗan mitsitsi ƙwarai. Su ba tubali ba ne, ba kuma yumɓu ba ne. Takardar umurni ce da wata ƙwaya ke aika wa wata: ki rabu biyu, ko ki zo nan, ko ki soma saƙa kolajin. Akawu ya sani takarda 'yar ƙarama daga ofishin da ya dace ta kan tashi ma'aikata ɗari, to, haka su ke.

Rita Levi-Montalcini, 'yar ƙasar Italiya, ita ta gano na farko cikin shekarun 1950, wanda ke sa jijiyoyi su tsiro. Abokin aikinta Stanley Cohen ya tsamo wani cikin 1962 daga mataran yawun ɓera, ya lura in an yi wa jariran ɓeraye allurarsa su kan buɗe ido kafin lokacinsu. An ba su biyun lambar yabo ta Nobel cikin 1986. Cikin 1965 kuma Marshall Urist na Amurka ya wanke ƙashi da ruwan tsami har taurinsa ya fita, ya dasa abin da ya rage cikin tsokar dabba, sai ga sabon ƙashi ya tsiro a inda ba a taɓa yin ƙashi ba. Abin da ya sa haka shi ne dangin sinadaran da yanzu a ke kira BMP. Waɗanda suka shafi guringuntsi sun haɗa da su, da TGF-beta, da IGF-1, da FGF-18. In an ɗiga su a kan ƙwayoyin guringuntsi, ko a kan ƙwayoyin ɓargo waɗanda ba su riga sun zaɓi sana'a ba, cikin kwanon bincike, sai a ga sun kama aikin gini.

Mai karatu zai ce, to, me ya hana a zuba su cikin allura a tsira wa gwiwa a huta? Abu biyu ne. Na farko, takardar ba ta zama. TGF-beta in ya shiga jini, cikin mintoci kaɗan rabinsa ya ɓace, furotin da aka zuba cikin gaɓa kuwa cikin sa'o'i a ke share shi. Ginin guringuntsi kuma aikin makonni ne da watanni. Na biyu, in ka ce bari in ƙara yawa don a sami saura, sai umurnin ya isa inda ba a aika shi ba. Cikin 1994 masu bincike a Naimegen ta ƙasar Holan suka riƙa yi wa ɓeraye allurar TGF-beta a gwiwa. Guringuntsin ya ƙara aiki, amma sai ga ƙahonnin ƙashi sun tsiro a gefen gaɓar, irin waɗanda a ke gani a gwiwar mai amosani. A wajen mutane ma an ga irin wannan: an yarda da BMP-2 a Amurka cikin 2002 don haɗa ƙashin baya, amma cikin 2008 hukumar magunguna ta ƙasar ta yi gargaɗi cewa waɗansu da aka sa wa shi a ƙashin wuya sun kumbura har numfashi ya yi musu wuya.

An dai gwada allurar a gwaji babba. Cikin 2019 aka buga sakamakon wani bincike na mutum 549 masu amosanin gwiwa, waɗanda aka yi wa allurar FGF-18 lokaci-lokaci. Bayan shekara biyu, guringuntsin waɗanda suka sami mafi yawan maganin ya fi na waɗanda aka yi wa allurar ruwa kauri da milimita 0.05. Wannan abin lura ne, don ba a saba ganin guringuntsi ya ƙaru ba ko kaɗan. Amma wajen zafin ciwo, ba a ga bambancin kirki tsakaninsu ba.

Ashe ke nan ba maganin ne aka rasa ba. Abin da aka rasa shi ne mazubin da zai tsare shi a bakin ramin, ya riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan, gwargwadon bukata, har aiki ya ƙare. Mai lambu da ya binne tulu a gindin dashe ya cika shi da ruwa, ya bar shi yana tsattsafowa kwana da kwanaki, ya fi wanda ya kwara masaki guda ya tafi.

DANƘON RUWA

Mazubin da masana suka fi sa wa rai shi ne abin da su ke kira haidirojel, mu kuwa bari mu ce masa danƙon ruwa. Kowa ya taɓa ganin irinsa. In aka dafa ƙafar sa, romon ya kwana cikin sanyin hunturu, da safe sai a tarar ya daskare yana rawa, a yanka shi da cokali. Kusan dukansa ruwa ne, amma ba ya zuba, domin akwai wasu dogayen zarurruka da ido ba ya gani, sun sarƙe kamar taru, sun riƙe ruwan a tsakaninsu. Waɗansu irinsa su kan riƙe ruwa fiye da kashi 90 cikin 100. Mai karatu zai tuna mun ce guringuntsi ma saƙa ce mai riƙe ruwa. Wannan kamanni shi ya fara jawo hankalin masana.

Wanda ya fara ƙera irinsa don aikin likita shi ne Otto Wichterle, tare da Drahoslav Lim, a birnin Firag na ƙasar da a ke kira Cekoslobakiya a zamanin. Sun buga aikinsu cikin 1960. A ƙarshen 1961 Wichterle ya harhaɗa wata 'yar na'ura a gidansa da ƙarafan wasan yara da injin fitilar keke, da ita ya zuba gilashin ido mai taushi na farko, irin wanda a ke liƙawa a ƙwayar ido. Malaman da ke kukan rashin kayan aiki a ɗakin kimiyya sai su riƙe wannan labari.

Yau ana yin danƙon ruwa da abubuwa iri-iri: da kolajin da jelatin daga fata da ƙashin dabba, da aljinet daga ciyawar teku, wanda ke daskarewa da zarar ya gamu da kalsiyam, da kitosan daga ɓawon ƙaguwa da jatan lande, da fibirin wanda ke daskarar da jini, da kuma waɗanda a ke haɗawa a ɗakin bincike. Akwai kuma sinadarin hayaluron, wanda Karl Meyer da John Palmer suka tsamo daga idon sa cikin 1934, shi ne ke ba ruwan gaɓa yauƙinsa. Babban amfaninsu ga likitan fiɗa shi ne yawancinsu ana iya zuba su suna ruwa-ruwa, su bi surar ramin kowace iri ce, sa'an nan su daskare a wurin, waɗansu da ɗumin jiki, waɗansu in an haska musu fitila.

Gwanintar tana wajen yadda za a riƙe maganin a ciki. In an cakuɗa shi kawai, mafi yawansa ya kan tsere ta idon tarun cikin kwanakin farko, watau an koma gidan jiya. Don haka a kan matse idon tarun, ko a ɗaure maganin a jikin zaren ta yadda ba zai fita ba sai zaren ya narke, ko a saƙa wani abin da maganin ke son mannewa da shi, kamar hefarin. Wata dabara kuma ita ce a fara zuba maganin cikin ƙananan ƙwallaye na jelatin, sa'an nan a binne ƙwallayen cikin danƙon, sai ya zama maganin yana da ƙofa biyu da zai wuce. Da haka a kan iya sa magani biyu, ɗaya ya fita da wuri, ɗaya ya biyo baya. Danƙon kansa kuma dole ya narke daidai da saurin ginin. In ya riga ginin narkewa, ba a sami abin dogara ba, in ya daɗe kuma ya tare wa sabon guringuntsi wuri.

DOKI, ZOMO, ƁERA DA TUNKIYA

Doki na cikin dabbobin farko da suka amfana, gama gurguwar gwiwa ita ke kashe kasuwar dokin sukuwa. Cikin 1999 Alan Nixon da abokan aikinsa a Jami'ar Cornell suka cika ramuka a gaɓar dawaki da fibirin mai ɗauke da IGF-1. Naman da ya tsiro ya fi na waɗanda ba a sa wa maganin ba yawan kolajin irin na guringuntsi, ko da ya ke bai kai na asali ba.

Gwajin da ya fi ba mutane mamaki shi ne na Jeremy Mao a Jami'ar Kolombiya ta Amurka, wanda aka buga cikin 2010. An cire kan ƙashin kafaɗar zomaye gaba ɗaya, aka sa wani ƙirarren gurbi mai ƙananan hanyoyi a madadinsa. A zomo 10 an cika hanyoyin da danƙon kolajin mai TGF-beta, a wasu 10 kuwa ba a sa maganin ba. Ba a dasa ƙwaya ko ɗaya ba. Cikin mako uku zuwa huɗu zomayen farko sun koma taka ƙafa, bayan wata huɗu kuma aka tarar guringuntsi ya rufe fuskar gaɓar duka. Maganin ne ya kirawo ƙwayoyin jikin zomon suka zo da kansu suka yi ginin.

Ba kullum a ke dacewa haka ba. A Jami'ar Rice, cikin 2007, ɗaliban Antonios Mikos sun gwada dabarar ƙwallayen jelatin a gwiwar zomaye. IGF-1 shi kaɗai ya kyautata gyaran, amma da aka haɗa shi da TGF-beta, da tsammanin biyu za su fi ɗaya, sai amfanin ya ɓace. A ganina wannan sakamako ya fi waɗansu masu daɗin ji koyar da mu, don ya nuna ba yawan takardu ke sa aiki ya tafi ba, sai wace takarda ta iso, a wace rana.

Masana na Jami'ar Stanford sun bi wannan tunani cikin 2020. An sani tun a ciki yawancin ƙashin jariri guringuntsi ya ke fara zama, sai hanyoyin jini sun shige shi ya koma ƙashi. Sai suka huda ƙashin gwiwar ɓeraye irin hujin Steadman, suka sa danƙon ruwa mai abu biyu: BMP-2 don ya sa ƙwayoyin ɓargo su kama hanyar zama ƙashi, da wani sinadari mai hana hanyoyin jini tsirowa don ya tsai da su a tsakiyar hanya. Abin da aka samu ya yi kama da guringuntsi na gaske, ba tabo ba. A Jami'ar Northwestern kuma Samuel Stupp ya ƙera wani danƙo mai kama TGF-beta ya riƙe. Cikin 2010 ya nuna yana aiki a zomaye ko ba a zuba maganin daga waje ba, watau yana tara wanda jikin dabbar ya yi da kansa. Cikin 2024 aka gwada sabon samfurinsa, haɗe da hayaluron, a gwiwar tumaki, bayan wata shida aka ga sabon guringuntsi mai kyau a ramin.

INA MAGANAR MUTUM?

A nan sai mu rage murya. Guringuntsin zomo bai kai kaurin milimita ɗaya ba, ƙaramar dabba kuma ta fi mutum saurin warkewa. Tunkiya da doki sun fi kusa da mu, shi ya sa a ke ɗaukar gwajinsu da muhimmanci, amma wata shida ba shekara ashirin ba ce.

An dai sa wa mutane danƙon ruwa, sai dai manyan gwaje-gwajen da aka sani ba su da ƙarin sinadarin girma a ciki, da abin da jini da ɓargo suka kawo aka dogara. Cikin 2013 Jennifer Elisseeff ta Jami'ar Johns Hopkins ta ba da labarin mutum 15 da aka yi wa huji, aka cika ramin da danƙo mai daskarewa da hasken fitila. Bayan wata shida ramukansu sun cika kashi 86 cikin 100, na mutum 3 da aka yi wa huji kaɗai kuwa kashi 64. A shekarar nan kuma aka buga gwajin wani danƙon kitosan da aka ƙirƙiro a Kanada, wanda a ke cakuɗawa da jinin mara lafiya. Mutum 80 aka raba gida biyu. Bayan shekara guda hoton cikin gwiwa ya nuna gyaran masu danƙon ya fi kyau, amma da aka tambaye su zafi da sauƙin tafiya, duka ɓangarorin biyu sun sami sauƙi kusan daidai. Wannan shi ne karo na biyu da muka gamu da wannan abu, hoto ya yi kyau, mai gwiwar bai ji bambanci ba. Ni dai ina ganin duk gwajin da bai tambayi mai gwiwar ba, bai ƙare ba tukuna.

Sauran matsalolin na masu ƙira ne. Yawancin danƙon ruwa sun fi guringuntsi laushi nesa ba kusa ba, in aka ƙara musu tauri kuma ƙwayoyin halitta su kan kasa ratsa su. Liƙa shi a gefen ramin ma aiki ne, don wurin jiƙe ya ke, ga sulɓi, ga motsi. Gaɓar mai amosani kuwa a kumbure ta ke, cike da sinadarai masu cin guringuntsi, sabon gini a cikinta kamar gini ne a bakin rafi da damina. Ga kuma tsadar sinadaran, da bukatar ajiye su cikin sanyi. Saboda waɗannan dalilai danƙon ruwa mai ɗauke da sinadarin girma bai zama magani na yau da kullum a asibitoci ba.

Wajibi ne a bambanta shi da allurar hayaluron da wasu asibitoci ke yi wa masu ciwon gwiwa. Ita wannan mai ce kawai a ke ƙara wa gaɓa, waɗansu su kan ji sauƙi na 'yan watanni, amma ba ta tsirar da guringuntsi, duk wanda ya ce tana yi ya faɗi abin da ba a tabbatar ba. Abin da aka tabbatar yana rage wahalar amosanin gwiwa shi ne motsa gaɓar, da ƙarfafa tsokar cinya, da rage ƙiba ga mai ita. Wani bincike da aka yi a Amurka cikin 2005 ya nuna duk kilo ɗaya da mutum ya rage a jikinsa, ya sauke wa gwiwarsa nauyin kusan kilo huɗu a kowane taki.